Hawan Salla a Katsina: Daɗin Kallo da Wahalarsa

Duk Bakatsinen da ya taɓa tsayawa a filin Kangiwa, gaban Ƙofar Soro, ranar Salla, ya san abin da ke jawo jama'a. Hakimai irin su Ƙaura daga Rimi da Galadima daga Malumfashi da Durɓi sukan shigo da ayarinsu, dawakai sun sha jalala da tunjimi, 'yan lifida na gaba, algaita da kakaki na tashi, sannan a yi jafi. Washegari kuma a yi Hawan Bariki.

Sai dai daɗin nan ba kowa yake isa gare shi ba. Manyan baƙi na zaune cikin rumfa, talaka kuwa yana tsaye cikin rana da ƙura, bulalar dogari na gabansa, ɗan sane na bayansa. Mata da yara su suka fi shan matsi, wani lokaci har doki ya yi ɓarna. Alhali dominsu ake hawan, don Sarki ya ga jama'arsa su ma su gan shi. Ya kamata masarauta da gwamnatin jiha su tanadi rumfuna da ruwan sha, su kuma keɓe wa mata da yara wurin tsayawa nesa da hanyar dawakai.