Dala Ɗaya Daga Kowa

A wannan wata za mu ba ku labarin wani saurayi mai ƙafa ɗaya, sa'an nan mu duba yadda mu kanmu muke tara kuɗi domin marasa lafiya.

Sunansa Terry Fox, mutumin ƙasar Kanada. An haife shi a 1958, ya tashi yaro mai son guje-guje da ƙwallon kwando. A 1977, yana da shekara 18, gwiwarsa ta dama ta matsa masa da ciwo. Da aka duba sai aka tarar sankarar ƙashi ce, wato ciwon daji. Likitoci suka yanke ƙafar daga saman gwiwa, aka sa masa ta roba. An faɗa masa cewa cikin mutum 100 masu irin ciwonsa wajen 50 suna tsira, alhali shekara biyu kafin nan 15 ne kaɗai. Binciken masana ne ya kawo wannan bambanci, bincike kuwa kuɗi yake ci. Ya yi wata 16 yana karɓar magani, yana ganin wahalar majinyata 'yan'uwansa, har da ƙananan yara. Abin bai fita ransa ba.

Ran 12 ga Afrilu 1980 ya tsoma ƙafar robar cikin Tekun Atlantika a garin St. John's, can ƙarshen gabas, ya kama gudu ya nufi yamma. Niyyarsa ya ƙetare Kanada duka yana roƙon taimako domin binciken sankara. Abokinsa yana biye da shi a mota. Kowace rana yakan yi kusan kilomita 42, mil 26 ke nan, yana ɗingishi, dungulmin ƙafar yana salewa. Da farko iska da ruwa da sanyi ne suka tarye shi, mutane ba su kula sosai ba. Amma da ya isa wani gari, Port aux Basques, mai mutum wajen 10,000, sai suka miƙa masa fiye da dala 10,000. Ya ga ashe dala ɗaya ɗaya ce ta taru haka. Ya roƙi mutanen Kanada, su miliyan 24 a lokacin, kowa ya ba da dala ɗaya.

Ya yi kwana 143 a hanya, ya ci kilomita 5,373. Wannan ya fi tafiya daga Legas zuwa Maiduguri sau uku. Ran 1 ga Satumba 1980, kusa da garin Thunder Bay, tari da ciwon ƙirji suka tsai da shi. Ciwon ya riga ya kai huhu. A Fabrairu 1981 kuɗin da aka tara ya cika dala miliyan 24, kamar yadda ya roƙa. Ya rasu ran 28 ga Yuni 1981, yana da shekara 22.

Aikin bai mutu tare da shi ba. Ran 13 ga Satumba 1981 mutum fiye da 300,000 suka fito a garuruwansu suka yi gudu da sunansa, tun daga nan kuma ana yi kowane Satumba. Ba kuɗin shiga, ba wanda ake cewa ya zo na ɗaya. Mai gudu ya yi gudu, mai tafiya ya taka, mai keken guragu ya tura. An tara fiye da dala miliyan 800 na Kanada ta wannan hanya. Yau yawancin masu ciwo irin nasa ana yi musu magani ba tare da an yanke ƙafa ba.

To, mu fa? Ba wanda zai koya mana taimakon juna. Mun san gayya a gona, mun san adashi, mun san gudummawar biki da ta rasuwa. Amma mu tambayi kanmu, yaushe muke tara wa mai sankara kuɗi? Sau da yawa sai ciwo ya gama cin jiki. Mace takan ji ƙulluto a nononta, ta ɓoye don kunya da tsoro. Wani ya ce jifa ne, wani ya ce daji ba ya son allura, kada a kai ta asibiti. A sha jiƙe-jiƙe, a shafa wannan a shafa wancan, shekara ta wuce. Sai ran da ta kasa tashi takarda za ta fara zagawa, a sayar da akuya da buhun hatsi, likita kuma ya ce an makara. Bayan 'yan watanni mu sake tara wani kuɗin domin jana'iza. Hannunmu a sake yake, lokacin ne muke kuskurewa.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kashi 30 zuwa 50 cikin 100 na ciwon sankara ana iya hana shi aukuwa. A 2020 mata wajen 12,000 suka kamu da sankarar bakin mahaifa a Nijeriya, wajen 8,000 suka mutu. Ƙwayar cuta ce mai suna HPV take kawo kusan dukan irin wannan sankara, tana kuwa da rigakafi. Tun Oktoba 2023 gwamnati ta fara yi wa 'yan mata masu shekara 9 zuwa 14 allurar kyauta, sau ɗaya tak. Haka kuma allurar ciwon hanta da ake yi wa jariri da zarar an haife shi tana tsare shi daga sankarar hanta in ya girma. Barin taba da giya yana rage hatsari ƙwarai. Gyaɗa da masara da suka yi fumfuna kada a ci, gama gubar da ke cikinsu tana lalata hanta. Sankarar mama kuwa, in an gane ta da wuri, mata da yawa suna warkewa su yi renon jikokinsu.

Saboda haka muna ba da shawara kowace unguwa ko ƙauye a ware rana ɗaya a shekara. Ran 4 ga Fabrairu ita ce ranar sankara ta duniya, watan Oktoba kuma na tunawa da sankarar mama ne. Zumuntar mata da matasa suna iya jan gaba, amma a gayyaci mai unguwa da dukan maƙwabta, Kirista da Musulmi, gama ciwon ba ya tambayar addini. A yi tattaki daga kasuwa zuwa asibitin gari. Mata su soya ƙosai da waina a sayar, samari su buga ƙwallo. Kowa ya kawo abin da yake iyawa, ko mudun dawa ne. Kada a mai da shi ranar da masu kuɗi za su yi gasa a kira sunansu da lasifika.

Kafin a watse a ba nas ko likita fili ya yi bayani da harshen da kowa zai ji. A faɗi alamun a sarari: ƙulluto a nono ko hammata, jini bayan saduwar aure ko bayan al'ada ta ɗauke, gyambon da ya ƙi warkewa, rama ba dalili. Rabin amfanin taron ke nan, domin wadda ta ji an faɗi sunan ciwonta a bainar jama'a ba za ta ƙara ɗauka abin kunya ne ba. Maigida, kai ma ka tsaya ka ji, gama sau da yawa izini da kuɗin mota a hannunka suke.

Kuɗin kuwa a yanke abin da za a yi da shi tun kafin a tara: kuɗin mota da na gwaji domin matan da suka kai shekara 30, gwajin ciwon hanta, da taimakon wanda aka tura babban asibiti tun ciwo yana sabo. A sa mutum uku amintattu su riƙe, a rubuta kowane kwabo, a karanta lissafi a gaban jama'a. Terry Fox ya ƙi yarda wani ya ci riba da gudunsa, shi ya sa mutane suka amince suka ba da nasu. In an ci amana sau ɗaya, baɗi ba wanda zai fito.

Kafin ranar ta zo, ga aikin wannan wata. Uwargida, ki duba ko 'yarki ta sami allurarta, ki kuma duba jikinki. In akwai abin da kika daɗe kina ɓoyewa, ki faɗa wa wani yau, ki je asibiti cikin makon nan.

Allah ya ba mu lafiya. Sai wata mai zuwa.