Neman Aiki a Waya: Ribar Matasan Nima da Asararsu

Da la'asar sakaliya, duk majalisar samarin da mutum ya leƙa a unguwar Nima ko Maamobi da ke Ghana zai tarar da shayi bisa gawayi, kowa ya duƙufa kan wayarsa. Wasu ƙwallo suke kallo, amma da yawa aiki suke farauta a shafukan intanet na Jiji da Tonaton da Jobberman: ana neman direba a Spintex, mai gadi a East Legon, mai tsaron shago a Osu, mai kai saƙo da babur.

Kasuwar ba ta daɗe da ci ba. An buɗe Tonaton a 2013, Jiji ya sayi shafin OLX na Ghana a 2019, sannan ya haɗa da Tonaton ɗin a 2022. Alherinta kuma ba a ɓoye yake ba. A da, ɗan Zango ba ya samun aiki sai da "wa ka sani": kawun da ya san wani Alhaji, Alhajin da ya san wani manaja. Yau marayan da ba shi da kowa yana ganin tallar da ɗan mai kuɗi ke gani, a lokaci guda, bai kashe ko sisi a tirotiro, wato motar haya, ba. Akwai ma abin da ya fi wannan. Ɗan Nima ya san yadda fuskar mai ɗaukar aiki kan sauya da zarar ya ji sunan unguwarsa, alhali a waya abin da ka iya ake fara tambaya. Tela da mai gyaran firiji da birkila su ma suna baje sana'arsu, masu buƙata su kira su daga Tema ko Kasoa.

Sai dai ta wannan ƙofar ɓarawo ke shigowa, kuma salonsa kusan ɗaya ne kullum. Albashi mai tsoka, ba a neman takardar makaranta, "a fara gobe". Ka kira, a amsa da ladabi, a ce ka dace. Saura kuɗin fom, sai kuɗin gwajin asibiti, sai na yunifom, duk ta MoMo, wato tura kuɗi ta waya. Ranar da aka sa maka, ka goge takalmi, ka sa rigar Sallah, ka isa kwatancen, ka tarar babu ofis. Lambar kuwa a kashe. Kuɗin da ya tafi sau da yawa jarin kokon mahaifiya ne ko adashin yaya, shi ya sa yaron yakan haɗiye abin, ba ya gaya wa kowa, ɗan damfarar ya wuce ga na gaba.

Mafi ciwo shi ne tallar aikin ƙasashen Larabawa, wadda ke wasa da ƙaunar da mutanen Zango ke yi wa ƙasa mai tsarki. A 2017 gwamnatin Ghana ta dakatar da tura 'yan aikin gida zuwa yankin Gulf saboda rahotannin cin zarafi, amma dillalai ba su daina ba, sun dai sauya hanya. 'Yan mata sun tafi da alkawarin aikin kanti, suka tsinci kansu a aikatau, fasfo a hannun maigida.

Masu cewa kwaɗayi ne ko wauta ba su yi adalci ba. A Nuwamban 2025 mutum shida suka rasu a turmutsutsun neman shiga aikin soja a filin wasa na El-Wak, wanda ba shi da nisa da Nima. Inda ake mutuwa a layin neman aiki, biyan kuɗin fom ba zai zama abin mamaki ba.

Abin da waya ta raba mu da shi shi ne mai tsaya wa mutum. Tsohon tsarin maigida, duk da son kansa, yana da wanda za a riƙe idan magana ta lalace. Wannan giɓin za a iya cike shi ba tare da an koma baya ba. Dokar ƙwadago ta 2003 ta wajabta wa kamfanonin samar da aiki mallakar lasisi, kuma ana iya tantancewa a Sashen Ƙwadago. Hukumar tsaron intanet tana karɓar ƙorafi a lamba 292. Shafukan da kansu suna gargaɗin kada a biya kuɗi tun kafin a ga abu, ko da yake gargaɗin da Turanci yake, a ƙananan haruffa.

Ya kamata limaman Juma'a su faɗi wannan da Hausa a kan mumbari. Sarakunan Zango kuma, da tallafin Asusun Raya Zango da aka kafa a 2017, su ajiye tebur ɗaya a Nima, ɗaya a Maamobi, inda matashi zai kai talla a duba masa sunan kamfani da lasisinsa da adireshinsa kafin ya tura ko sidi ɗaya.