Kada Fiba Ta Ratsa Mu Ta Wuce

'Yan'uwana maza da mata na Kanya Babba, na Babura, na Kazaure, na Roni da Gwiwa! Ku tashi! Ana rabo, kuma rabo ba ya jiran mai barci.

A watan Mayun 2024 Majalisar Zartarwa ta Tarayya ta amince a shimfiɗa igiyar fiba mai tsawon kilomita 90,000 a faɗin Najeriya, ƙari a kan kimanin 35,000 da ake lissafin akwai. Ministan Sadarwa, Dokta Bosun Tijani, shi ke jan ragamar aikin. Ana maganar kuɗi wajen dala biliyan 2. An ce za a taɓa ƙananan hukumomi 774. Namu na ciki. Madalla! Amma a kai igiya sakatariya daban, a kai ta ƙauye daban. Wannan tazarar ita ce aikinmu.

Fiba siririn zaren gilashi ne da ake binnewa a ƙasa, haske ke gudu a cikinsa ɗauke da saƙo. Daga Legas, inda manyan igiyoyin ƙarƙashin teku irin su MainOne da Glo-1 suka sauka, suka fara aiki tun 2010, take biyo manyan tituna ta hauro Arewa. Ƙarfen sabis da aka jona da ita yakan ɗauki jama'a da yawa ba tare da ya shaƙe ba. Wanda ba a jona ba, sai ya riƙa karɓar saƙo ta iska daga wani ƙarfen, shi ma daga wani. Shi ya sa ranar kasuwa, da jama'a sun cika, sai sabis ya durƙushe.

Mun san wannan wahalar. Mai POS ya ɗaga na'ura sama yana neman sabis, layi ya taru a gabansa. Manomi ya sayar da riɗi, an ce an tura kuɗi, alat bai shigo ba, rana ta faɗi. Ku tuna farkon 2023, lokacin canjin kuɗi: takardar naira ta ɓace, taransifa ta maƙale, mai kuɗi a banki ya kwana da yunwa. Ku tuna 'ya'yanmu. Tun 2015 jarrabawar JAMB ta koma kan kwamfuta gaba ɗaya. Yaron birni ya shekara yana gwaji a gida. Yaronmu sai ranar jarrabawa yake fara taɓa madannai. Ku tuna mai naƙuda a ƙaramin asibiti, ma'aikaciya na neman likita a waya, kira na yankewa.

Kuma kada wani ya ce mana mu baƙi ne a wannan fage. Jigawa ce ta riga kusan kowa farkawa. A farkon shekarun 2000, zamanin Gwamna Ibrahim Saminu Turaki, aka kafa kamfanin sadarwa na Galaxy, aka buɗe makarantar Informatics a Kazaure, lokacin da jihohi da dama ba su ma fara zancen ba. A Kazauren nan kwalejin Hussaini Adamu take. A 2021 aka kafa Jami'ar Fasaha ta Tarayya a Babura. Ƙasar da ke ɗauke da irin waɗannan makarantu, yaya za a ce ɗanta na hawa tudu ko dutse don ya tura saƙo?

An yi mana alkawari a baya. Tsarin ƙasa na 2020 zuwa 2025 ya ce za a kai kashi 70 cikin 100 na jama'a ga intanet mai sauri, birni da karkara. Wa'adi ya zo, da ƙyar aka haura rabi. Su wa aka bari a baya? Mu. Dalili a fili yake. Kamfani riba yake bi. Tonon rami yana cin kuɗi, gidajenmu a warwatse suke, ga duwatsun Roni da Gwiwa. In ba a matsa ba, igiya za ta bi titin Kano zuwa Daura, ta bi titin Kunya zuwa Babura, ta wuce. Mun ga irin haka a wutar lantarki: waya ta ratsa ta kan gari, gari na cikin duhu, don ba a sauke masa taransifoma ba. Kada a maimaita mana!

To, me za mu yi? Kowa da nasa.

Mai unguwa, dagaci, hakimi, ranku ya daɗe, ku fara. Ku sa a rubuta sunan kowane ƙauye, kowace ruga, kowace unguwa da ba sabis ko yake rarrafe. A rubuta makarantu, asibitoci, kasuwanni, da yawan gidaje. Mai zana taswira a Abuja bai san mu ba. Takarda ce za ta gabatar da mu.

Ƙungiyoyin ci gaban gari, ku ɗauki takardar nan. Ku kai wa kansila. Ku kai wa shugaban ƙaramar hukuma. Ku kai wa ɗan majalisar jiha a Dutse, da na tarayya, da sanatan Jigawa ta Arewa maso Yamma. Ku aika Hukumar Sadarwa ta Ƙasa, NCC. A ƙarƙashinta akwai asusun USPF, wanda dokar sadarwa ta 2003 ta tanada domin wuraren da kamfanoni ba su ga riba ba. Domin irinmu aka yi shi. Ku yi tambaya uku, kada ku bari sai an amsa: ta ina igiyar za ta bi? A ina za a sauke ta? Yaushe?

Mu roƙi gwamnatin Jigawa ta Malam Umar Namadi ta sauƙaƙa hanya. A 2020 gwamnoni suka amince kuɗin izinin tona gefen titi kada ya wuce naira 145 kan kowace mita. Jihar Kaduna ta yafe shi gaba ɗaya a shekarar. Mu nemi duk layin da zai shiga karkarar Jigawa ya shiga ba tare da an ɗora masa ko kwabo ba. Mu ma mu kame hannunmu. Idan masu tono suka iso, kada a tare su da haraji na ƙarya. Idan rami zai bi gefen gonarka, a zauna da dagaci a daidaita cikin mutunci. Ka ba da hanya. Jikanka ne zai bi ta.

Matasa, ku ne ƙarfinmu. Ku koyi aikin. Tona rami, ja igiya, haɗa zaren da ya tsinke, kafa sola, jona gidaje da shaguna: duk sana'a ce, duk abinci ne. Ku nemi horo a Kazaure da Babura. Ku shiga shirin 3MTT na gwamnatin tarayya, na koyar da fasahar zamani. Kada a kawo leburori da injiniyoyi daga nesa, mu muna kallo daga gindin darbejiya.

Iyayenmu mata, ku sa baki. Ke mai ƙuli-ƙuli, ke mai ɗinki, ke mai kiwon awaki, kasuwarki na iya wuce zauren gidanki. Ku faɗa a taron biki, ku faɗa a Islamiyya, ku faɗa wa duk ɗan siyasar da ya zo neman ƙuri'a.

Malamai da limamai, Allah Ya gafarta muku, ku tuna wa jama'a cewa kayan al'umma amana ne. Ku koya wa yaranmu ɗaukar alherin intanet da barin sharrinta.

In igiya ta iso, mu tsare ta! A 2024 Shugaba Bola Tinubu ya sa kayan sadarwa cikin muhimman kadarorin ƙasa da doka ke karewa. Amma doka a Abuja take, ido a gari yake. Ka ga mai katafila zai yanki gefen titi? Tsayar da shi, nuna masa alamar igiya. Ka ga ana haƙar dare? Sanar da mai unguwa da jami'an tsaro. Ku faɗa wa mai sata cewa ba tagulla a ciki, ba abin da zai sayar, sai dai ya jefa gari guda cikin shiru. Sabis ya lalace, kamfani ya yi biris? Kira 622, layin ƙorafi na NCC, kyauta ne. Ka kira, maƙwabcinka ya kira, unguwa duka ta kira.

Da zafi-zafi ake dukan ƙarfe. Yanzu ake zana hanya. Yanzu ake ware kuɗi. Yanzu ake zaɓen garuruwa. Wannan Juma'ar, bayan an sallame, ku tsaya ku kafa kwamiti. Wannan makon, ku rubuta sunayen ƙauyuka. Wannan watan, takarda ta isa Dutse da Abuja. Kanya Babba, ki fara. Babura, ki amsa. Kazaure, Roni, Gwiwa, ku haɗa murya. Mu nema, mu ba da hanya, mu koyi aikin, mu tsare. Allah Ya dafa mana, Ya kawo wannan alheri har ƙofar gidan talakan da ya fi kowa nisa da titi.