Kantin Zamani da Tumatirin Ɗanja

Duk manomin Funtuwa ko Malumfashi da Allah ya nufe shi da shiga manyan kantunan zamani na Kano, lalle zai yi hamdala idan ya ga garin kunun tsamiya da kilishi a ƙunshe cikin tsabta, ga farashi a rubuce, babu ja-in-ja balle rantsuwa, wanda kuwa alheri ne ga mai saye da mai sayarwa baki ɗaya.

Amma abin takaici, wanda a ganina ya kai munzalin abin kunya, shi ne tumatirin gwangwanin da ake sayarwa a waɗannan kantuna, wanda ake shigo da markaɗensa daga ƙasar Sin, mai tsami, marar ƙanshi a miya, alhali kuwa a Ɗanja da Ƙafur, da kakar noman rani, tumatir ne kwando-kwando ke ruɓewa a bakin titi saboda ƙarancin masu saye da masana'antun da za su sarrafa shi.