Maita Ba Ado Ba Ce

Masu iya magana kan ce zanen aro ba ya rufe katara. Abin da ya tuna mana da wannan karin magana shi ne wata muhawara da ta kaure a ajinmu na adabin baka a zangon karatun da ya gabata. Muna cikin bayanin kirarin iskoki, sai wani ɗalibi ya ɗaga hannu ya ce shi fa ya gani a wayarsa cewa Turawa da kansu sun koma ga addinin kakanninsu, har mata masu digiri suna kiran kansu mayu suna taƙama, to me zai hana mu ma mu farfaɗo da namu? Kafin mu buɗe baki wani ya miƙe a fusace ya ce ai wannan darasi ma haramun ne, kamata ya yi a soke shi daga manhaja. Aka tashi baram-baram. Shi ya sa muka kawo maganar wannan fili, kuma ba za mu ɓoye matsayinmu ba: dukansu biyu sun yi kuskure, sai dai wadda za ta ɗanɗana kuɗar kuskuren nasu ba ta cikin ajin. Wata tsohuwa ce tana can zaune a ƙauye, ba ta ma san ana yi ba.

Bari mu fara da abin da ɗalibi na farko ya gani, domin ba ƙarya ya yi ba. A ƙidayar jama'ar da aka yi a Ingila da Wales a 2021, mutum wajen 74,000 suka rubuta cewa addininsu maguzancin zamani ne, wasu kimanin 13,000 kuma suka ce su mabiya Wika ne, wato addinin da mabiyansa ke kiran kansu mayu. A ƙasar Aisilan, tun 1973 hukuma ta amince da ƙungiyar masu bautar gumakan Turawan arewa na dā. Abin tambaya shi ne, daga ina wannan Wika ta fito? A 1951 majalisar Ingila ta soke tsohuwar dokar maita ta 1735. Bayan shekara uku, a 1954, wani tsohon ma'aikacin mulkin mallaka da ya yi aiki a Malaya, mai suna Gerald Gardner, ya fitar da littafi yana da'awar cewa ya tarar da ragowar wani daɗaɗɗen addinin mayu wanda ya ɓuya shekaru aru-aru. Ya jingina da'awar tasa da nazarin Margaret Murray na 1921, wadda ta ce mutanen da aka riƙa kashewa a Turai da sunan maita mabiya wani addini ne da ya girmi Kiristanci.

To, masana tarihin Turai sun bi takardun shari'o'in nan ɗaya bayan ɗaya, sun rushe wannan nazari. Ronald Hutton na Jami'ar Bristol ya nuna a littafinsa na 1999 cewa Wika haɗe-haɗe ce ta ƙarni na ashirin, an tsinto nan an tsinto can. Mutanen da aka rataye ko aka ƙone tsakanin ƙarni na 15 da na 18, waɗanda aka ƙiyasta sun kai 40,000 zuwa 60,000, kuma akasarinsu mata ne, ba su da wani ɓoyayyen addini. Talakawa ne masu zuwa coci kamar kowa, maƙwabta suka nuna su da yatsa, azaba ta sa suka amsa laifin da ba su yi ba. Ashe ke nan abin da ake kira farfaɗowa ƙirƙira ce, an kuma gina ta a kan kabarin waɗanda aka yi wa ƙazafi. Baturiyar Landan tana iya rataya kalmar mayya a wuyanta kamar sarƙa, domin ba wanda zai jefe ta. Mu a nan har yanzu muna cikin zamanin jifa.

Idan muka dawo gida, akwai abubuwa uku da mai son farfaɗowa ya cakuɗa, alhali Bahaushe bai taɓa cakuɗa su ba. Na farko maguzanci, wanda addini ne mai tsafi da yanka da kan gida. Tarihin Kano ya ba mu labarin Barbushe da Tsumburbura a gindin Dala, kuma Joseph Greenberg ya zauna da Maguzawan ƙasar Kano ya fitar da littafi a kansu a 1946. Na biyu bori, wanda sha'ani ne na iskoki da neman waraka, mai girka da garaya da goge, mai birnin Jangare da su Sarkin Aljan da Inna da Ɗan Galadima da Malam Alhaji. Na uku maita. Ita kam ba addini ba ce, ba sana'a ba ce, zargi ce. Ba a taɓa jin Bamagujen da ya buga ƙirji ya ce shi maye ne ba. Shi ma tsoron maye yake yi, shi ma laya yake ɗaura wa ɗansa, kuma sau da yawa wurin 'yan bori da bokaye ake zuwa neman a tona wanda ya kama kurwar yaro. Saboda haka duk wanda ya ɗauko maita ya ce gadon kakanninmu ce da za a yi alfahari da ita, ya yi wa kakannin nan ƙarya.

Mai karatu ya san abin da kalmar take yi a cikin al'ummarmu. Yaro ya kwanta da zazzaɓi mai zafi, yana sambatu ya ambaci sunan wata tsohuwa a unguwa. Shi ke nan. A taru a ƙofarta, a tilasta mata ta tsallake shi, wani lokaci a tuɓe ta a gaban jikokinta, wani lokaci a yi mata dukan da ba za ta tashi ba. Idan ta tsira da ranta, ba ta tsira da mutuncinta ba, domin an ce a nono ake shan maita: 'ya'yanta mata su rasa manema, a daina sayen ƙosanta, a daina ɗiban wuta a murhunta. Shi kuwa yaron, da an kai shi asibiti an gwada jininsa, wataƙila zazzaɓin cizon sauro ne ya hau masa ka. A lura kuma, ba a taɓa kama mai kuɗi ko mai sarauta da maita. Kullum gwauruwa ce, ko juya, ko baƙo, ko mai ɗan taɓin hankali. A Yulin 2020 duniya ta ga bidiyon yadda aka kashe wata tsohuwa 'yar shekara 90 a Kafaba ta arewacin Gana a kan wannan zargi, kuma a Yulin 2021 Majalisar Kare Haƙƙin Ɗan Adam ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta zartar da ƙuduri na musamman a kan irin wannan ta'asa. Mu ma muna da doka. Sashe na 216 na Final Kod da Arewa ta gada tun 1960 ya haramta wa mutum ya ce shi maye ne, ya kuma haramta masa ya zargi wani da maita. Dattawa nawa ne a unguwanninmu suka san da wannan sashe?

Kada a yi mana mummunar fahimta. Sashe na 38 na tsarin mulkin 1999 ya ba kowa 'yancin addininsa, kuma mu mazauna Jalingo mun fi kowa sanin amfanin wannan. Ga Kona a gefenmu, ga Mumuye a Zing da Yorro, ga Jukun a Wukari ƙarƙashin Aku Uka, a cikinsu akwai Musulmi, akwai Kirista, akwai kuma masu riƙe da al'adun iyayensu. Waɗannan na ƙarshe ba su jira wani ya farfaɗo musu da kome a Facebook ba, kuma haƙƙinsu ne a bar su su zauna lafiya. Haka nan ranar da Jamhuriyar Benin ta keɓe wa addinin Budu a watan Janairu, da ranar Isese ta 20 ga Agusta da wasu jihohin Yarbawa ke ba da hutu dominta, sun tsaya ne a kan abin da yake da masu shi, aka gada hannu da hannu. Wanda muke ja da shi shi ne ɗan boko wanda bai taɓa kwana a gidan Bamaguje ba, bai san bambancin girka da kamun kurwa ba, amma yana so ya kwaso haɗin Gardner ya lulluɓa masa sunan gargajiya. Irinsa kuwa hanya yake share wa bokayen TikTok masu tallar asirin kuɗi da mallakar miji, waɗanda addininsu guda ne, wato lambar asusun banki.

Saura ɗalibi na biyu, mai son a soke darasi. Muna girmama kishinsa, amma muna tunatar da shi cewa sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Jahilcin da yake so a mayar manhaja shi ne ya haifi ɗan'uwansa na farko. Nana Asma'u, wadda ta rayu daga 1793 zuwa 1864, ta yaƙi bori a cikin matan karkara, amma da me? Da 'yan taru da jajis da waƙoƙin da mata za su haddace. Ta san abin da ke kai mace gidan bori, wato ciwo da kaɗaici da rashin mai saurare, sai ta tanadar mata madadinsa. Ba a maganin cutar da ba a san sunanta ba. Ban da haka, harshen da ɗalibin nan yake magana da shi cike yake da sawun abin da yake gudu. Da ya ce wane yana borin kunya, ko wance ta hau bori, ko ya ji yara suna cewa kurwata kur, daga ina yake tsammani kalmomin suka fito? Abin kunya ne a gare mu a ce mai neman sanin bori sai ya nemi Tremearne, wanda ya bi Hausawa har Tunis da Tarabulus ya rubuta littafinsa a 1914, ko Besmer da ya nazarci makaɗan bori na Kano ya wallafa a 1983. Haka sassaƙen Mumuye suka kwarara kasuwannin Turai tun ƙarshen shekarun 1960, yau ɗan Zing sai ya nemi biza kafin ya ga aikin kakansa. Nazari daban, bauta daban. Likita yana nazarin kuturta ba don yana sha'awarta ba.

Daga ƙarshe, ga abin da muke kira a yi. Darasin al'adu da adabin baka ya zauna daram, a ma ƙara masa ƙarfi, ɗalibai su fita da na'urar ɗaukar magana su tattaro kirari da tatsuniyoyi da sunayen magunguna daga bakin tsofaffin Muri da kewaye kafin ƙasa ta rufe musu ido. Marubutanmu da masu shirya fim su daina nuna tsohuwa mai jajayen idanu tana lashe baki a matsayin mayya, domin yaron da ya kalla yau shi ne mai ɗaukar dutse gobe. Limamai da fastoci su fito fili a kan mumbari su faɗa wa mabiya cewa ƙazafi zunubi ne, zubar da jini kuma ya fi shi. Kai kuma ɗalibi, idan ka je hutu gida ka ji an ce an kama mayya a unguwarku, kada ka tsaya ɗaukar bidiyo. Ka sa a kai yaron asibiti, ka sanar da mai unguwa da 'yan sanda, sa'an nan ka je ka tsaya a ƙofar tsohuwar nan. Wannan shi ne amfanin karatun da iyayenka suke biya.