Cusa Hausa A Cikin Game Boy: Mu Rage Surutu, Kada Mu Rage Harshe

Yau hirar tamu a kan wasan yara ce, amma ku yi haƙuri ku bi ni har ƙarshe.

Ɗan yayana da ke gyaran waya a nan Agege ya zo mini da wani aiki kwanakin baya. Ya ce, "Kawu, so nake in mayar da wani tsohon wasan Game Boy zuwa Hausa saboda ƙannena." Dalilinsa kuwa ya taɓa ni, domin autana da aka haifa a nan Legas Turanci da Yarabanci sun fi zama a bakinsa, in ya yi Hausa sai ka ce baƙo.

Da muka zauna gaban kwamfuta sai na ga inda gizo ke saƙar. Ita wannan na'ura da kamfanin Nintendo na Japan ya fitar a 1989, allonta ɗigo 160 ne a kwance, 144 a tsaye, kowane harafi kuma yana cin gida mai ɗigo 8 sau 8. Ke nan haruffa 20 kacal ke shiga layi guda, in aka cire bakin akwatin magana su koma 18. Cikin kaset ɗin ma haka abin yake, maganganun a jere suke kamar buhunan albasa a tirela, kowace da lambar da ke nuna inda ta fara. In fassararka ta fi ta asali tsawo, sai ta hau kan ta gaba, wasan ya rikice.

Masu kamfanin kansu sun sha wannan wahala. Da aka fitar da Pokémon da Turanci a Amurka a 1998, sunan kowace dabba bai wuce haruffa 10 ba. Shi ya sa a kashi na biyu na wasan aka rubuta Feraligatr a gutsure. Masu sha'awar da suka fassara Mother 3, wanda ya fito a Japan a 2006, sai a 2008 suka kammala, bayan sun yi ta sauya tsarin wasan don rubutun Turanci ya samu wuri.

To ga inda muka saɓa da yaron nan. Shi yana ganin tunda wuri ya yi kaɗan, a zubar da haruffa masu lanƙwasa, a riƙa datse kalmomi irin na saƙon tes. Na ce masa a'a. In sarki a cikin wasa ya ce "zo fada", yaro ya karanta "zo faɗa", ai ka haɗa rigima. Haka baki da baƙi, kasa da ƙasa. Yaron da ya tashi a Kano zai gane daga yanayin maganar, amma namu na nan rubutun ne malaminsu, abin da suka gani shi za su riƙe.

Kuma akwai mafita. Hausa ba ta amfani da q da v da x, sai muka goge zanensu muka zana ƙ da ɗ da ɓ a gurbinsu, manya da ƙanana, ba mu ƙara ko gida ɗaya ba. Sannan bayit guda yana iya ɗaukar lambobi 256, haruffa ba sa cinye su duka, don haka masu wannan sana'a kan ba haruffa biyu da ke yawan zuwa tare lamba ɗaya. A Hausa "sh" da "ts" da "wa" da "an" sun dace da wannan dabara sosai.

Amma babbar dabarar sanin Hausar ne. Ya rubuta "Ba za ka iya wucewa ta wannan wuri ba", haruffa 37 har da tazara, alhali akwatin layi biyu 36 yake ɗauka. Mahaifiyarsa tana daga gefe tana tsinke zogale ta ce, "Kai kuwa, ba sai ka ce ba hanya ba?" Duk muka yi dariya. Turancin yake bi kalma bayan kalma, shi ya sa jimlar ta kumbura.

Ra'ayina ke nan: duk mai wannan aiki ya rage surutu, amma kada ya taɓa ƙa'idar rubutu. Mu da muka saba zama da iyali a ɗaki ɗaya a garin mutane mun san tarkace ake fitarwa in wuri ya ƙure, ba tukunyar abinci ba.

Aikin bai kai rabi ba tukuna, amma jiya na ji auta yana karanta "Buɗe ƙofa" da ƙarfi, ƙ ɗin ta fito raɗau. Matasanmu masu ilimin kwamfuta, don Allah ku gwada, ku kuma riƙa zama da iyayenku mata in kalma ta gagara.

Allah ya raya mana zuri'a. Sai mun sake haɗuwa.