LAFIYA UWAR JIKI: Nas Ɗin Ƙauye da Neman Ƙarin Ilmi

Vimtim gari ne na Fali a gindin duwatsun Mandara, cikin Ƙaramar Hukumar Mubi ta Arewa. Wasu sun san shi a matsayin mahaifar marigayi Alex Badeh, tsohon Babban Hafsan Tsaro, wasu kuwa sai a 2014 suka ji sunansa, lokacin da Boko Haram suka mamaye Mubi da kewayenta a watan Oktoba. Jama'a sun koma gida tuntuni. Abin da ya kamata a duba yanzu shi ne halin ma'aikacin jinya da ke aiki a irin wannan gari, wanda yake so ya ƙaro ilmi ba tare da ya rasa albashinsa ba.

Hanyoyin da ke gabansa biyu ne. Ta farko ita ce kwas ɗin ƙwarewa bayan samun rajista, wanda yakan ɗauki shekara ɗaya zuwa wata 18, ƙarƙashin kulawar Majalisar Ma'aikatan Jinya da Unguwarzoma ta Ƙasa da aka kafa da doka a 1979. Mai son jinyar ido sai ya nufi Cibiyar Ido ta Ƙasa a Kaduna, mai son ƙashi ya tafi Asibitin Dala a Kano, mai son jinyar masu taɓin hankali kuwa Maiduguri ce mafi kusa. Ta biyu ita ce digiri. Jami'ar Ibadan ce ta fara shi a 1965, kuma yau nas mai rajista yana iya yin sa ta karatun nesa a Jami'ar Ahmadu Bello ko Jami'ar Karatu Daga Gida ta Ƙasa, daga nan ya nemi digiri na biyu.

To, a nan gizo ke saƙa. Lacca dai ana iya jin ta ta waya a tsakar gida a Vimtim, in akwai caji da sabis. Amma sa wa jariri ruwa a jijiya, ko miƙa wa likita kayan tiyata yadda ya kamata, ko lura da numfashin wanda aka yi wa allurar barci, waɗannan sai a gaban gado, kuma sai da gwani a tsaye yana gyara hannun mai koyo. Tilas ɗalibi ya yi makonni a asibitin da aka amince da shi, ana sa masa hannu a littafin aiki. Daga Mubi zuwa Yola kawai tafiyar kilomita kimanin 200 ce, balle Zariya. Ga kuɗin mota, ga masauki, ga iyali. Mace mai goyo ita ce ta fi shan wuya, alhali mata ne suka fi yawa cikin sana'ar.

Sa'an nan idan ya tafi, wa zai riƙe asibitin garin? Wannan shi ne dalilin da ya sa shugabanni kan yi nauyin hannu wajen ba da hutun karatu. Ba za a ga laifinsu gaba ɗaya ba, domin a watan Fabrairu na 2024 Magatakardan Majalisar ya bayyana cewa ma'aikatan jinya kimanin 42,000 sun bar ƙasar nan cikin shekara uku. Sai dai hana mutum karatu ba ya tsayar da shi. Hasali ma shi ke sa ya fara neman fasfo.

Abin da ya fi dacewa shi ne a kawo horon kusa. Gwamnatin Adamawa da ta Tarayya su gyara sassan babban asibitin Mubi har su cika sharuɗɗan Majalisar, a naɗa manyan nas-nas masu ƙwarewa su zama malaman gefen gado, a riƙa biyansu alawus. Da haka ɗalibin karatun nesa zai yi mafi yawan aikinsa a Mubi, ya kwana a gida, ya bar abin da ya gagara kaɗai domin Yola ko Maiduguri. Wanda kuwa aka ba hutu da albashi, a rubuta yarjejeniya ya dawo ya yi wa yankinsa aiki na wasu shekaru, kuma Ma'aikatar Lafiya ta tura wanda zai riƙe masa wuri tun kafin ya tashi.